Takin Gida ko na Buhu: Wanne Ya Fi Cika Rumbu a Ƙasar Sakkwato?

Da zarar bazara ta kawo jiki, lissafin manomi guda ne: kuɗin da ke hannu ba za su iya komai ba, to a zuba su a buhun kamfa da yuriya ne, ko a sayi kashin dabbobi a biya mai amalanke ya kai gona? Masu musu a kan wannan sukan yi magana kamar ƙasar Sakkwato iri ɗaya ce. Ba haka take ba. Jigawar da ake noma gero a Gwadabawa ko Tangaza daban take da lakar fadamar Rima da ake dasa shinkafa da albasa a Wurno da Goronyo, kuma takin da ya yi rana a wannan yana iya zama asarar kuɗi a waccan.

A fara da abin da ke cikin kowanne, domin nan ne mutane suka fi ruɗuwa.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, wanda shi ke sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi ƙarfi. Buhun kamfa mai lamba 15:15:15 yana da kilo bakwai da rabi na naitirojin, da kwatankwacin haka na fosfaras mai gina saiwa da ƙwaya, da na fotasiyam. Mai lamba 20:10:10, wanda shirin takin shugaban ƙasa ya yaɗa daga 2017 bayan yarjejeniya da Maroko, naitirojin ɗinsa kilo 10 ne, sauran biyun kilo biyar-biyar. Lambobin da ke jikin buhu ke nan, kuma idan takin na gaskiya ne, abin da aka rubuta shi ke ciki.

Takin gida ba ya zuwa da lamba. Tan guda na busasshen kashin shanu da aka adana da kyau yakan ƙunshi naitirojin wajen kilo 10. Wanda ya sha rana da iska a turke wata da watanni, aka share shi tare da yashi, ba lallai ya kai rabin haka ba. Kashin awaki da tumaki ya fi na shanu ƙarfi, na kaji kuma ya fi su duka, yakan ninka na shanu sau biyu ko uku. Sai dai ba duk abin da ke cikin takin gida shuka ke samu a damina ɗaya ba. Sai ya ruɓe tukuna, kuma a shekarar farko abin da yake saki bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ma'ana, in ana son daidai naitirojin ɗin buhu ɗaya na yuriya a wannan daminar, ana maganar tan bakwai zuwa takwas na kashin shanu. Gaskiya ne ita ma yuriyar ba duka shuka ke sha ba, sau da yawa ko rabi ba ta samu, amma ko an cire wannan, ratar tana nan da faɗi.

To ina za a samo tan takwas? Saniya matsakaiciya, mai nauyin kilo 250, kashin da take yi a shekara idan ya bushe bai wuce tan guda ba, kuma kusan rabinsa a wurin kiwo yake zuba. Wanda yake son ya ba hekta ɗaya, wato eka biyu da rabi, tan biyar na taki, yana bukatar abin da shanu goma suka tara a makwancinsu shekara guda cur. Manomi nawa ne a ƙauye ke da shanu goma? Shi ya sa shawarar nan ta a watsar da takin zamani a koma na gargajiya ɗungurungum, duk daɗinta a baki, ba ta da ƙafar tsayawa. Ba takin ne ba shi da kyau ba, babu shi ne da yawan da ake bukata. Balle yanzu da matsalar tsaro a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, ta rage garkunan shanu, ta kuma raunana tsohuwar al'adar da manomi ke ba makiyayi damin hatsi don ya sauke dabbobinsa a gona da rani.

Gonar tudu

Idan a damina ɗaya za a auna, ruwa kuma ya sauka yadda ya kamata, takin buhu ke cin gasa. Ma'aunin da aka saba ba manoman gero shi ne kilo 60 na naitirojin, 30 na fosfaras, 30 na fotasiyam a hekta. A buhu, wannan ya kama kamfa 15:15:15 guda huɗu, da yuriya buhu ɗaya da sulusi. Da ingantaccen iri kamar SOSAT, da noma a kan lokaci, gonar da a da ba ta kai tan guda ba tana iya kusantar tan biyu.

Matsalar ita ce jigawar kanta. Ruɓaɓɓen ganye da kashi da ke cikin ƙasar tudu a wannan yankin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma shi ne ke riƙe ruwa da abincin shuka. Zuba yuriya a irin wannan rairayi kamar ɗibar ruwa ne da kwando: mamakon ruwa ɗaya na watan Agusta ya isa ya wanke ta zuwa inda saiwar gero ba ta kaiwa. Idan kuma aka samu akasin haka, aka sa taki ruwa ya ɗauke kwana goma ko sha biyar, abin da ba baƙo ba ne a inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 600 zuwa 700, shukar da ta sha taki da yawa ita ke fara ƙonewa, domin ta yi ganye fiye da abin da damshin ƙasa zai ciyar.

Akwai kuma illar da ba a gani sai an jima. A Samaru ta Zariya an fara wani gwaji tun 1950, inda aka ware filaye, wasu ana ba su kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu ba a ba su komai, shekara bayan shekara. An yi makamancinsa da gero a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, a ƙasa mai rairayi irin tamu. Abin da aka gani a wuraren biyu ya zo ɗaya: filin da ake ba takin naitirojin shi kaɗai yana yin kyau da farko, sannan ƙasar ta riƙa yin tsami, amfanin ya riƙa ja da baya. Filin da aka haɗa masa takin buhu da kashi ko karan da aka bari a gona shi ya fi kowanne, kuma shi ya ɗore. Abin da manoma ke nufi ke nan idan suka ce takin zamani yana kashe gona, ko gona ta saba da shi ba ta yi sai da shi. Rabin maganar gaskiya ce. Ba guba ke cikin buhun ba. Gona ce ake kwashe wa komai, hatsi a kai rumbu, kara a yi darni ko a ba dabbobi, harawa a ɗaure a kai kasuwa, ba a mayar mata da komai sai sinadari uku.

Takin gida yana mayar da abin da buhu ba ya mayarwa. Yana sa ƙasa ta riƙe damshi, yana rage tsami, yana kawo ƙananan sinadarai irin su zinki da farar wuta waɗanda babu su a kamfa da yuriya, kuma aikinsa yana kai shekara biyu zuwa uku. Wuta-wuta ma ta fi addabar gonar da ta gaji, tana raguwa idan ƙasa ta samu ƙarfi. Amma shi ma yana da nasa aibin. Ɗanyen kashin da bai ruɓe ba yana zuwa da irin ciyawa, yana jawo gara, kuma idan ya taru da yawa wuri ɗaya yana ƙona shuka a shekarar fari.

Ga wanda aljihunsa bai kai buhu biyar ba, kuma su ne mafi yawa, hanyar da ta fi dacewa ita ce sa taki a gindin shuka da ɗan ma'auni. Masu binciken ICRISAT ne suka gwada ta a Nijar da Mali da Burkina Faso, suka ba da rahoton ƙarin amfanin gero da dawa daga kashi 44 zuwa 120 cikin ɗari. Ma'aunin giram shida ne na kamfa 15:15:15 a kowane rami, wato cikin murfin kwalbar lemo guda. Idan tazarar shuka mita ɗaya ce ta kowane ɓangare, hekta tana da rami 10,000, takin da za ta ci kilo 60 ne, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Dalilin da ya sa ɗan wannan ke aiki shi ne, abin da ya fi ƙaranci a jigawa fosfaras ne, shi kuma ba ya tafiya cikin ƙasa, inda aka ajiye shi nan yake zama. Idan aka watsa shi ko'ina, ƙaramar saiwa ba ta riskarsa. Idan yana kusa da ita, sai shuka ta tashi da ƙarfi, saiwa ta nutsa da wuri, ta jure ɗaukewar ruwa.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne haɗa taki da iri a rami ɗaya har su taɓa juna. In ruwa ya yi jinkiri, takin yana tsotse damshin da ke kewaye da ƙwayar, tsiron ya mutu tun bai fito ba. A yi ɗan rami daban, nisan yatsu huɗu daga iri, zurfin gaɓa biyu na yatsa, a rufe. Wanda ya yi binne kafin saukar ruwa, ya haƙura da taki sai shuka ta fito an rage ta. Yuriya kuma sai bayan mako huɗu zuwa shida, lokacin maimai, ƙasa da damshi, a binne ta. Wadda aka watsa a kan busasshiyar ƙasa a zafin rana, kaso mai yawa nata iska ke kwashewa. Wanda ya taɓa jin warin nan mai shiga hanci a gonar da aka watsa yuriya, kuɗinsa ne ya ji suna tashi.

Shi ma ɗan takin gidan da ake da shi, kada a barbaɗa shi gona duka don a ce ko'ina ya samu. A raba gonar uku, bana a ba kashi ɗaya tan uku zuwa biyar a lissafin hekta, baɗi a matsa gaba. Inda ƙasa ta zama fako, ruwa ba ya shiga, a ari dabarar tassa ta maƙwabtanmu na yankin Tawa: a haƙa rami da rani, faɗin taƙi guda ko fiye kaɗan, zurfin rabin haka, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu biyu. Aiki ne mai cin ƙarfi, amma yana raya filin da aka riga aka fid da rai da shi. Kuma duk mai gawo a gonarsa ya bar shi. Yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, dabbobi suna hutawa a inuwarsa da rani suna barin kashi, kowa kuma ya san yadda geron gindin gawo yake.

Wake da gyaɗa ba sa bukatar yuriya, suna samar wa kansu naitirojin. Abin da suke so sufa ce, kamar buhu huɗu a hekta, domin ban da fosfaras tana da farar wuta da sinadarin alli da ke cika kwanson gyaɗa. Ba su yuriya ganye kawai zai ƙara.

Fadama da noman rani

Shinkafa ba ta da wata doguwar muhawara. Iri kamar FARO 44 yana son naitirojin kilo 80 zuwa 100 a hekta, kuma samun haka daga kashin shanu kaɗai zai ci fiye da tan 25. Ba mai yi. Kamfa buhu huɗu lokacin dashe ko cikin makon farko, yuriya buhu biyu zuwa uku a raba biyu: rabi bayan mako uku lokacin da take 'ya'ya, rabi idan ta kusa ɗaukar ciki, wajen mako shida zuwa bakwai. A rage ruwan fangali kafin a sa, a toshe mafita, kada a sake cika shi sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Watsa yuriya cikin ruwa mai gudu taki ne aka yi wa gonar maƙwabci. Inda ake samun dunƙulalliyar yuriya, wadda ake cusawa cikin laka zurfin yatsa guda a tsakiyar gindi huɗu, mako guda bayan dashe, ta fi, domin sau ɗaya ake sa ta kuma asararta kaɗan ce. Gudunmawar takin gida a nan ita ce tattakar shinkafar kanta. A daina ƙona ta, a bar ta ta ruɓe a fili ko a tara ta a yi takin rami, saboda mafi yawan fotasiyam ɗin da shinkafa ta sha yana cikinta.

Albasa da tafarnuwa ne suke bukatar a tsaya a yi tunani. Saiwarsu gajera ce, suna son ƙasa mai laushi, don haka ruɓaɓɓen taki, tan goma a hekta in da hali, yana yi musu amfanin da buhu ba zai yi ba. A cuɗa shi da ƙasa mako biyu ko uku kafin dashe. Ɗanyen kashi kuwa, musamman na kaji, yana ƙona dashe, yana jawo tsutsa da ruɓa. Kamfa a sa da wuri, yuriya a ba da ita kaɗan-kaɗan a makonnin farko, a tsaya cak da zarar albasa ta fara ɗaura kai. Yuriyar da aka ci gaba da zubawa bayan nan tana ba da manyan kawuna masu ɗaukar ido, amma wuyansu kauri ne da shi, ba ya bushewa, ruwa ya yi musu yawa. Mai sayarwa nan take a bakin gona ba zai ga illar ba. Wanda zai zuba a rudu ya jira farashi ya tashi, shi zai buɗe bayan wata biyu ya tarar da rabi ya narke. Don haka kafin a yanke yawan yuriyar da za a ba albasa, a fara yanke ranar da za a sayar da ita.

Kayan lambun da ake ci ɗanye, irin su latas da karas da kabeji, kada a sa musu ɗanyen kashi kusa da girbi. Ƙa'idar da ake bi a Amurka wajen noman da ba a sa takin zamani ita ce kwana 120 tsakanin sa ɗanyen kashi da girbin abin da ke taɓa ƙasa. Lokacin noman rani bai kai a yi wannan jiran ba, don haka ruɓaɓɓe kawai za a sa. Wuraren da kanwa ta fara fito wa ƙasa kuma, ƙara musu takin buhu ƙara gishiri ne. Magudanar ruwa suke so da takin gida.

Inda rabin takin gida ke salwanta

Mafi yawan asarar tun a gida take faruwa. Kusan rabin naitirojin ɗin da dabba ke fitarwa, da mafi yawan fotasiyam, a fitsari suke, shi kuwa ƙasar turke ke shanye shi ko rana ta busar. Shi ya sa gonar da shanu suka kwana a cikinta ta fi wadda aka kai wa busasshen kashi a mangala. Mai jar akuya ko tumaki a gida ya riƙa shimfiɗa musu ƙaiƙayi ko guntayen kara su tsotse fitsarin, ya kwashe duk mako biyu ya tara a inuwa ya rufe. Idan dabbobi za su kwana a gona, a riƙa matsar da makwancin bayan 'yan kwanaki.

Asara ta biyu ita ce kai taki gona tun watan Fabrairu a jibge shi tsibi-tsibi, ya sha ranar Maris da Afrilu da Mayu, iskar farkon damina ta kwashi mai laushin. In dole ne a kai da wuri saboda lokacin ne ake samun jaki ko amalanke, a yi babban tsibi ɗaya a rufe shi da kara da ƙasa, a baza sai ruwa ya kusa, a huɗe a kansa.

Takin rami ba shi da wuya. Rami mai zurfin gwiwa zuwa ƙugu a inuwa, a jera kara ko ciyawa da aka daddatsa, a bi da kashi, a barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika. Damshin da ake so shi ne wanda in an matse a hannu zai dunƙule ba tare da ruwa ya zubo ba. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku a zaro ta: in ta yi zafi aiki na tafiya, kuma zafin nan ne ke kashe irin ciyawa. In da sanyi, ruwa ko kashi ya yi kaɗan. In tana wari mai ɗoyi, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshen kara. A riƙa juyawa duk mako biyu ko uku, cikin wata biyu zuwa uku ya yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa. Kada a haɗa toka da kashin kaji ko da yuriya, tana korar naitirojin. Ɓuntun shinkafa da garin katako da ba su ruɓe ba, in aka cuɗa su da ƙasa, shuka rawaya za ta yi, saboda ƙwayoyin da ke ruɓar da su suna ƙwace mata naitirojin. Sharar bola ta cikin gari kuma sai an tace, leda da kwalba da tsofaffin batura ba su da wurin zama a gona.

Kafin a biya kuɗi

Masana tattalin noma suna da ma'auni mai sauƙi: kada a sa taki sai in ƙarin amfanin da zai kawo zai kai ninki biyu na kuɗinsa, don a bar wa fari da faɗuwar farashi wuri. A 2017 buhun kamfa na shirin gwamnati naira 5,500 ne. Yau ya ninka haka sau da yawa, duk da cewa ana yin yuriya a cikin ƙasa, a masana'antar Indorama da ke Fatakwal da ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022. A irin wannan farashin, cikakken ma'auni yana biyan kansa a shinkafa da albasa da alkama da ke da ruwan ban-ruwa a hannu. A geron jigawa da ke jiran sama, murfin kwalba a gindi tare da ɗan takin gida shi ya fi tsira da jari. Shi ma takin gida a lissafa shi da kuɗin ɗauka da na bazawa, domin gonar da ke nesa da gari, kuɗin mota kan fi kuɗin takin.

Kuma a duba abin da ake saya. Kashin da ake sayarwa a buhu ko a tifa, a ɗebi cikin kwano a zuba a bokitin ruwa a motsa: kashi zai taso, yashi ya kwanta, nan za a ga ko ƙasa aka saya. Yuriya ta gaskiya tana narkewa tas a kofin ruwa, ruwan ya yi sanyi, in ta bar laka ko tsakuwa an yi mata haɗi. Kamfar da ake haɗawa a nan gida ƙwayoyinta kala-kala ne kuma ba ta narkewa duka, wannan ba algus ba ne, sai dai a juya ta sosai kafin a fara sawa, don ƙananan ƙwayoyi sukan taru a gindin buhu a hanya. A ɗora buhu a sikeli, a duba ɗinkin baki ko an farke an sake. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta haramta sayar da gurɓataccen taki da tauye awo, ta kuma wajabta wa dillalai yin rajista, saboda haka a saya wurin dillali mai shago tsayayye, a karɓi rasit, a ajiye buhu guda da lambarsa har a ga yadda shuka ta karɓa.